Baƙon da ke cikin duman kada: tarihin fumfunar da ke haɗa magani da dafi a jikin tsirrai

Duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi, ba tsiro ba ne da ake tsayawa kallo. Yana yaɗo a kan rairayi da bakin fadamu a ƙasashen Sakkwato da Gobir da Adar, da ganye mai kauri da fure ja-ja mai siffar bakin kakaki. Wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Illela, ko gefen tafkin Kalmalo inda ruwan kwarin Majiya ke gangarowa daga Nijar, ya san irin ƙasar da tsiron yake so: yashi a sama, damshi a ƙasa. Yana nan kore shar a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙone. Duk da haka dabbobi na ƙyamarsa, ba sa kai masa baki sai yunwa ta ci ƙarfinsu. A gari irin Illela, wanda arzikinsa ya rataya a kan kasuwar kara da shige da ficen awaki da tumaki da raƙuma tsakaninsa da Birnin Ƙwanni, abin da dabba ke ci a ƙarshen rani ba ƙaramar magana ba ce.

Masu maganin gargajiya kuwa sun daɗe da saninsa. Likitan mulkin mallaka John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa kuma ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya rubuta sunansa. Littattafan tsirran Afirka ta Yamma da suka biyo baya sun kawo cewa ana ɗaura ganyensa a kan gyambon kurkunu, ana kuma surace da dafaffen ruwansa haɗe da ƙaiƙayin gero. Tsiro ɗaya ke nan, magani a hannun wanzami, dafi a cikin akuya.

Abin da makiyayi da mai magani da Dalziel duk ba su da hanyar ganewa shi ne, babban ɓangare na wannan ƙarfi ba na tsiron ba ne. Na wata fumfuna ce da ke zaune a jikinsa tun yana iri. Kalmar fumfuna, ko hunhuna a bakin Sakkwatawa, an fi saninta da abin da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, amma ita ce mafi kusa da sunan wannan babban jinsi na halittu da ya haɗa da naman kaza da yis ɗin burodi. An ɗauki ƙarnoni kafin a gane cewa wasunsu na zama a cikin lafiyayyen tsiro suna haɗa masa sinadarai, kuma labarin ya faro ne nesa da Sahel.

Ƙahon hatsi

A Turai ta tsakiyar zamani, talakawa na cin burodin wani dangin alkama da ake kira rai. A shekarun da damina ta yi sanyi da lema, wasu ƙwayoyin zangarniyar kan rikiɗe su zama baƙin abu dogo mai tauri kamar ƙaramin ƙaho, wanda Faransawa suka kira ergot. Idan an niƙa shi cikin gari, masu ci sukan ji wuta a hannuwa da ƙafafu, jijiyoyin jini su tsuke, gaɓoɓi su yi baƙi su faɗi. Wasu kuma farfaɗiya da gane-gane suke yi. Annobar ta yi yawan da aka kafa ƙungiyar 'yan zuhudu ta Waliyyi Antoni wajen 1095 don jinyar masu ita. Sai a 1676 likita Denis Dodart ya gabatar wa masanan Faris hujjar cewa hatsin ne sanadi, kuma sai a 1853 Louis René Tulasne ya bayyana yadda ƙahon yake: fumfuna ce, Claviceps purpurea, da ke shiga furen hatsi ta maye gurbin ƙwayar.

Ungozomomin Jamus sun riga likitoci gano ɗaya fuskar. Wani littafin tsirrai na Adam Lonicer ya ambata a 1582 cewa suna ba mai naƙuda 'yan ƙwayoyin ƙahon don mahaifa ta tsuke. A 1808 likitan Amurka John Stearns ya shigar da dabarar cikin aikin likitanci, aka rungume ta da gaggawa, jarirai suka yi ta mutuwa a ciki saboda babu wanda ya san adadin sinadarin da ke cikin kowane awo. Wannan ita ce matsalar kowane maganin da ake ɗebowa kai tsaye daga daji, kuma ita ta tura masana neman sinadarin tsantsa. Arthur Stoll, a kamfanin Sandoz da ke Basel ta Suwizalan, ya tace argotamin a 1918, wanda ya zama maganin ciwon ɓarin kai. A 1935 Chassar Moir da Harold Dudley a Landan suka fitar da argometirin, allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ta ceci mata masu yawa, har da na ɗakunan haihuwa na Nijeriya da Nijar, ko da yake tana da rauni guda da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye: zafi da haske na karya ƙarfinta, don haka kwalbar da ta kwana a kabad a watan Afrilu ba lallai ta yi aikin da aka rubuta a jikinta ba.

Geron Afirka a Basel

Gero ma yana da nasa ƙahon. Manoman Hausa suna da sunayen cututtukan zangarniya, irin su burtuntuna da domana da darɓa, ko da yake rabe-rabensu bai zo daidai da na masana ba. Fumfunar da ake magana a kanta tana shiga furen gero kafin ya sami barbara. Bayan 'yan kwanaki sai wani ruwa mai danƙo kamar zuma ya riƙa ɗiga daga zangarniya, ƙudaje su kwashe shi zuwa wata, daga baya ƙwayoyi masu duhu su fito a gurbin tsaba.

A 1954 Stoll da abokan aikinsa, cikinsu har da Albert Hofmann, suka wallafa nazari a kan irin wannan fumfuna da aka kawo musu daga geron Afirka. Abin da ya burge su shi ne tana haɗa sinadarai ko an raba ta da tsiro an rene ta a kwalba, abin da fumfunar hatsin Turai ke yi da ƙyar. A lokacin kamfanoni na noma gonaki na musamman suna sa wa hatsi cutar da gangan don su girbe ƙahon, saboda haka fumfunar da za ta yi aiki a tanki babban abin nema ce. Ɗaya daga sinadaran da suka samu sun raɗa masa suna penikilabin, daga Pennisetum, sunan gero a Latin. A 1957 suka ƙara fitar da wasu, ciki har da kanokilabin, wanda daga baya aka gane cewa matakala ce a hanyar da fumfuna ke bi wajen haɗa dukan dangin. Abincin yau da kullum na Sahel ya bar sunansa a littattafan kimiyyar sinadarai, kuma zai yi wuya a sami manomin da ya taɓa jin labarin.

Sunan fumfunar kanta, Claviceps fusiformis, ya zo a 1967 daga A. R. Loveless a Rodeshiya, Zimbabuwe ta yanzu, inda aka lura cewa aladun da suka ci gurɓataccen gero nononsu na ƙafewa, 'ya'yansu su mutu. A Indiya, inda gero ke ciyar da miliyoyi, an sami mutanen da suka kamu da amai da jiri da barci mai nauyi bayan cin sa, musamman a tsakiyar shekarun 1970. Ba ta ruɓar da gaɓoɓi kamar ta Turai, domin ba ta iya kai haɗin sinadarin zuwa matakin ƙarshe. Masanan cibiyar ICRISAT, wadda ke da rassa a Sadore kusa da Yamai da kuma Kano, sun nuna cewa furen da ya sami barbara da wuri ya tsira, shi ya sa wasu irin gero na zamani da ke jinkirin fitar da garin fure suka fi na gargajiya kamuwa. Maganin da aka koya wa magidanta a Indiya mai sauƙi ne: a zuba hatsin cikin ruwan gishiri, ƙwayoyin fumfunar su taso sama a kwashe.

Gardamar Sidni

Har zuwa nan, fumfunar maƙiyiya ce da ake gani da ido. Abin ya sauya ne da wasu tsaba daga Meziko. Mutanen Oaxaca na amfani da irin wani tsiro mai yaɗo, ɗan uwan duman kada da dankali, a tsafe-tsafensu na duba. Hofmann, wanda ya riga ya shahara da haɗa ƙwayar LSD daga sinadarin ƙahon hatsi a 1938, ya sami tsabar ya bincika, sai ya tarar da dangin sinadaran da ya shafe shekaru yana aiki a kansu, har da kanokilabin da ya fara gani a fumfunar gero. Ya gabatar da sakamakon a taron masana sinadarai na duniya a Sidni ta Ostireliya a 1960, aka saurare shi da shakku. Hujjar masu shakka mai ƙarfi ce. Tsiro mai fure da fumfuna sun rabu a tarihin halitta tun fiye da shekara biliyan ɗaya, ta yaya za su haɗa sinadari iri ɗaya mai wuyar gini? Wasu suka ce ɗakin gwajin Basel cike yake da ƙurar ergot, ita ta gurɓata samfurin. Wasu suka ce wata fumfuna ce ta kama tsabar. Wasu ɗakunan gwaji suka maimaita aikin suka sami abin da Hofmann ya samu, ba su kuma ga fumfunar ba, sai aka rufe maganar a kan cewa tsiron ne ke haɗawa. Haka littattafai suka koyar shekara arba'in.

Duman kada ne ya warware gardamar. A Jami'ar Bonn ta Jamus, rukunin Eckhard Leistner da Ulrike Steiner suka ɗauki tsiron, mai suna Ipomoea asarifolia a wajen masana, suka fesa masa maganin kashe fumfuna. A rahotonsu na 2004, tsiron ya ci gaba da girma lafiya, amma sinadaran suka ɓace. Suka duba ganyen da bai buɗe ba, suka tarar da fararen zarurruka a fuskarsa ta sama, manne da wasu 'yan ƙananan kumburi da ke fitar da mai. Gwajin ƙwayoyin gado ya nuna fumfunar 'yar gidan Claviceps ce, kuma a jikinta umarnin haɗa sinadaran yake, ba a jikin tsiron ba. A 2011 aka ba ta suna Periglandula. Ita ke haɗawa, tsiron ya karɓa ya adana a ganye da tsaba, ita kuma ta bi tsabar zuwa sabon tsiro, kamar gadon da uwa ke miƙa wa 'ya. Tsiron na ciyar da ita, ita tana sa masu cin ganye su ja da baya. Hofmann ya yi daidai a kan sinadarin, masu shakkar Sidni sun yi daidai a kan mai haɗa shi. Ya rasu a 2008 yana da shekara 102, ya ga farkon amsar.

Shi wannan tsiro yana cike da arewa maso gabashin Birazil, yankin fari mai kama da Sahel, inda suke kiransa salsa. Likitocin dabbobi na can sun rubuta abin da ke samun awaki da tumaki da shanu idan rani ya tilasta musu cin sa: karkarwa, kaɗa kai, tangaɗi, faɗuwa idan an firgita su. Yawanci sukan warke idan an raba su da wurin. An kuma nuna cewa dafin na bin nonon tunkiya ya kama ɗan da bai taɓa cin ganyen ba. A 2017 masana a Amurka suka gano a cikinsa wani rukuni na biyu na sinadaran fumfuna masu sa karkarwa. Amurkawa sun riga sun sha irin wannan darasi a makiyayarsu: ciyawar Kentucky 31, da aka fara rarrabawa a 1943 saboda jure wahala, ta mamaye miliyoyin eka kafin Charles Bacon da abokansa su nuna a 1977 cewa fumfunar da ke cikinta ce ke ramar da shanu. Da aka samar da irin da babu fumfunar, shanu suka yi ƙiba, ciyawar kuma ta kasa jure fari da ƙwari.

Daga taksol zuwa bakin teku

Ganin cewa fumfunar cikin tsiro masana'antar sinadarai ce ya tayar da farauta. Abin da ya kunna wutar shi ne taksol, maganin sankarar mama da ta ƙwan mace, wanda a lokacin ake tacewa daga ɓawon wata bishiya mai jinkirin girma a yammacin Amurka. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle suka ba da rahoton cewa wata fumfuna daga cikin ɓawon tana haɗa shi. Adadin bai taka kara ya karya ba, kuma bayan shekara ashirin wasu masana a Jamus suka bincika ƙwayoyin gadon irin waɗannan fumfuna suka kasa samun hanyar haɗa maganin. Har yau ba daga fumfuna ake samar da taksol na kasuwa ba. Amma rahoton ya tura ɗaruruwan ɗakunan gwaji su yanka ganye da saiwa, su wanke bayansu, su jira abin da zai tsiro daga ciki.

Dazuzzukan mangurof, wato itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri a bakin teku, sun zama wurin da aka fi kai samame. Dalilin a fili yake. Halittar da ke rayuwa inda ruwa ke cika ya janye sau biyu a rana, cikin gishiri da taɓo marar iska da gasar ƙwayoyin cuta, dole ta tanadi makamai na daban. Rukunin Lin Yongcheng a Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guwanzu ya bayyana sinadaran zailoketal a 2001 daga wata fumfunar mangurof ta gaɓar Tekun Kudancin Sin. Rukunin Peter Proksch a Dusuldof ya yi ta tace samfura daga Asiya da Afirka, ya kuma yi aiki da masanan Nijeriya irin su Festus Okoye na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a kan fumfunar tsirran ƙasar. An wallafa sababbin sinadarai ɗaruruwa, da yawansu na kashe ƙwayoyin cuta ko na sankara a faranti. Kusan dukkansu sun tsaya a nan. Kashe ƙwayar sankara a faranti abu ne mai sauƙi, ruwan bilic ma yana yi. Wahalar tana wajen samun wanda zai kashe cuta ya bar majiyyaci, sannan fumfunar ta yarda ta ci gaba da haɗa shi bayan an raba ta da uwar gidanta, domin da yawa sukan yi shiru bayan 'yan watanni a kwalba.

Nasarorin da aka samu kaɗan ne, kuma sun ci lokaci. Wata fumfuna daga ganyen furen kameliya a Japan ta ba da sinadarin da aka bayyana a 1992, wanda aka gyara ya zama emodefsaid, maganin tsutsar ciki na dabbobi da yanzu ake gwadawa a kan cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Wata daga ganyen wani itace a Sifaniya ta ba da enfumafunjin, wanda kamfanin Merck ya bayyana a 2000, kuma maganin da aka gina a kansa bai sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka ba sai 2021.

Nijeriya ce ke da dajin mangurof mafi girma a Afirka, a yankin Neja Delta, kuma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda ɗanyen mai ya kashe shi a wurare da dama. Kowace bishiyar da ta mutu ta tafi da baƙinta. Amma hujjar da ta kai masana bakin teku ta shafi Sahel daidai wa daida. Zafin da ke haura digiri 40, da wata takwas babu ruwa, da kiwo marar ƙaƙƙautawa, matsi ne da bai gaza na gishiri ba. Aduwa da tumfafiya da sabara da bagaruwa duk suna ɗauke da nasu mazauna.

Wannan tarihi yana da abin faɗi ga yadda ake nazarin maganin gargajiya a jami'o'in Arewa. Salon da aka fi sabawa da shi shi ne a tsinko ganye, a shanya, a daka, a jiƙa, a gwada a kan ɓeraye, a rubuta cewa tsiro kaza yana rage kumburi. Aiki ne mai amfani, amma yana ɗaukar sunan tsiro a matsayin tabbacin abin da ke cikinsa. Labarin duman kada ya nuna cewa tsiro biyu masu suna ɗaya na iya bambanta matuƙa, gwargwadon ko baƙon na nan da kuma irinsa. Tsohon mai magani da ya dage cewa sai saiwar wuri kaza ke ci, ta wani wurin ba ta ci, wataƙila abin da ya lura da shi ke nan, ko da bayanin da yake bayarwa daban ne. Haka nan likitan dabbobi da aka kawo wa akuya mai karkarwa a watan Mayu yana da dalilin tambayar inda ta yi kiwo kafin ya buɗe akwatin allura.

Sai kuma batun mallaka. Fumfunar geron da ta isa Basel ta tafi ne a zamanin da babu mai tambayar izini. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce ƙasar da aka ɗebi halitta a cikinta tana da haƙƙin ba da izini da samun rabo, haka ma al'ummar da iliminta ya nuna hanya. Sashe na 11 ya yi maganar halittar da ke ƙasa fiye da ɗaya, ya nemi maƙwabta su haɗa kai. Iyakar da ta raba Illela da Ƙwanni, wadda Ingila da Faransa suka daidaita a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ta ratsa fadama ɗaya da harshe ɗaya da ilimin magani ɗaya. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma tsabar duman kada na bin ruwan Majiya da kofaton dabbobi ba tare da takarda ba. Masanan Bonn da suka ba Periglandula suna sun rubuta cewa ba su iya renonta a kwalba ita kaɗai ba. Duk mai son sinadarinta, daga Sakkwato yake ko daga Basel, sai ya nemi tsiron da ransa, ya buɗe ƙaramin ganyen da ke naɗe a kan reshe, inda fararen ɗigo-ɗigon suke.